Yaya ake bitar dokar tsarin mulki kafin jarrabawar shekarar farko a jami'a?

Rukayya A. ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina shekarar farko a tsangayar koyon aikin lauya, kuma saura mako uku mu zauna jarrabawar dokar tsarin mulki. Tun farkon zango ban taɓa fashin lakca ba, littafin rubutuna ya cika har na shiga na biyu, amma da na zauna zan yi bita sai na rasa ta inda zan kama. Darasin namu ya kasu gida biyu. Kashin farko ƙa'idoji ne na gaba ɗaya, irin su ma'anar ƙasa, rabon madafun iko, fifikon kundin tsarin mulki a kan sauran dokoki da hanyoyin yi masa gyara. Kashi na biyu kuma kwatanta tsarin mulkin Birtaniya ne da na Amurka da Faransa da Jamus.

Abin da na dogara da shi zuwa yanzu shi ne hadda. Na haddace ma'anoni kamar yadda malam ya bayar, na haddace sunayen masana da shekarun da suka yi rubutu. Sai dai a gwajin tsakiyar zango an tambaye mu ko ikon da kotu ke da shi na soke dokar da majalisa ta yi ya dace da dimokuraɗiyya. Na cika shafi huɗu, na zuba duk abin da na sani game da kotuna, amma makin da na samu bai taka kara ya karya ba, kuma malam ya rubuta a gefen takardar cewa ban amsa tambayar ba. Wannan ya sanyaya mini gwiwa ƙwarai, domin har yau ban gane abin da ya kamata in rubuta ba.

Ina roƙon waɗanda suka riga mu wucewa ta wannan hanya su ba ni haske. Shin wajibi ne in haddace lambobin sassan kundin kowace ƙasa? Shari'o'i nawa ya kamata in riƙe? Kuma yaya zan raba waɗannan makonni uku?

Barista Nasiru ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata Rukayya. Abin da malaminki ya rubuta a gefen takardarki shi ne ya fi kayar da ɗaliban shekarar farko, kuma mako uku sun isa a gyara shi. Haddar da kika yi ba ta tafi a banza ba, tana nan ne a zube kamar tubalin da ba a jera ba. Abin da zai jera miki ita tambayoyi uku ne da kowane tsarin mulki ke amsawa, ko rubutacce ne ko ba rubutacce ba: wane ne aka danƙa wa iko, wane ne zai iya taka masa burki, kuma idan gardama ta tashi tsakaninsu maganar wa ce ta ƙarshe. Ki bi littafin rubutunki shafi bayan shafi, duk batun da kika iske ki tambayi kanki wacce yake amsawa daga cikin ukun. Za ki tarar abubuwan da kike zaton ba su haɗa hanya ba amsoshi ne daban-daban na tambaya guda.

Bari in gwada miki da tambayar da ta ba ki wahala, domin ta ukun ce aka sake wa kaya. Amsar Amurka ta fito ne daga shari'ar Marbury da Madison. Bayan Shugaba John Adams ya sha kaye a zaɓen 1800, ya naɗa alƙalai da dama dab da saukarsa, cikinsu har da William Marbury, amma ba a miƙa masa takardar naɗin ba har gwamnatin Thomas Jefferson ta kama aiki, sakataren harkokin wajenta James Madison kuma bai bayar ba. Marbury ya nufi Kotun Ƙoli kai tsaye yana dogaro da wata dokar majalisa ta 1789. A 1803 Alƙalin Alƙalai John Marshall ya ce Marbury yana da haƙƙi a kan takardarsa, amma dokar da ya dogara da ita ta faɗaɗa hurumin kotun fiye da abin da kundin 1787 ya yanka mata, saboda haka kotu ba za ta yi aiki da ita ba. Abin lura a nan shi ne kundin Amurka bai faɗi ƙarara cewa kotu za ta iya ture dokar majalisa ba. Marshall ne ya ciro wannan iko daga hujjar cewa idan har kundin shi ne doka mafi girma, alƙalin da ya ga ƙaramar doka ta saɓa masa tilas ya bi babbar. Ɗalibin da ya haddace sunan shari'ar da shekararta kaɗai, bai riƙe wannan hujja ba, ya bar abin da ake ba maki a kai.

Birtaniya ta ba da kishiyar amsa. Kamar yadda masanin dokar Ingila Dicey ya bayyana a 1885, majalisa tana iya yin kowace doka ko ta warware kowace, kuma babu kotun da za ta ture abin da ta zartar. Hatta dokar haƙƙin ɗan Adam ta 1998 iyakacin abin da ta ba manyan kotuna shi ne su bayyana cewa wata doka ba ta dace da haƙƙoƙin da aka amince da su ba, dokar kuma ta ci gaba da aiki har sai majalisa ko gwamnati ta gyara ta.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanyar masanin doka Hans Kelsen na Austriya, wanda ya ɗauki dokoki a matsayin matakai, kowace tana samun ingancinta daga wadda ke samanta, har a kai ga kundin tsarin mulki. Shi ya ga bai kamata a bar wa kowane alƙali wannan aiki ba, gara a kafa kotu guda ta musamman, kuma haka Austriya ta yi a kundinta na 1920. Jamus ta bi wannan sawu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda kundin 1949 ya tanadi kotun tsarin mulki da ke zama a Karlsruhe. Faransa kuwa labarinta ya fi kowanne amfani ga mai jarrabawa, domin yana nuna yadda hukuma kan sauya ba tare da an sake mata suna ba. Majalisar Tsarin Mulki da kundin 1958 ya kafa, wato hukumar da ke duba ko doka ta dace da kundin, an yi ta ne musamman domin ta hana majalisar dokoki shiga gonar gwamnati. A ranar 16 ga Yuli 1971 wannan hukuma ta ƙi amincewa da wata doka da ta taɓa 'yancin kafa ƙungiyoyi, tana kafa hujja da gabatarwar kundin, daga nan ta zama mai tsaron haƙƙoƙin jama'a. A 1974 aka ba 'yan majalisar dokoki 60 ko sanatoci 60 damar kai doka gabanta, wato 'yan adawa sun samu ƙofa. Gyaran 2008, wanda ya fara aiki a 2010, ya ba mutumin da ke cikin shari'a damar ƙalubalantar dokar da ta riga ta fara aiki.

To, ga kayan amsa sun haɗu. Mai cewa ikon bai dace da dimokuraɗiyya ba zai ce alƙalai ba zaɓarsu aka yi ba, a Amurka ma na tarayya suna riƙe muƙaminsu har ƙarshen rayuwa idan sun so, don haka bai kamata maganarsu ta rinjayi ta wakilan jama'a ba. Mai cewa ya dace zai ce kundin ma maganar jama'a ce, kuma ya fi dokar da rinjayen yau ya yi nauyi, sannan rinjaye yana iya danne marasa rinjaye idan babu mai tsawatarwa. Abin da malam yake jira shi ne ki auna ɓangarorin biyu ki ɗauki matsaya. Game da yawan shari'o'i, a ganina guda ɗaya ko biyu ga kowane babban batu sun wadatar, muddin kin san abin da ya faru, da tambayar da kotu ta fuskanta, da hujjar da ta bayar.

Aminu I. ya amsa:

Barista, Allah ya ƙara basira, na amfana da wannan bayani duk da cewa na wuce darasin shekara biyu da suka gabata. Sai dai ina tsoron kada Malama Rukayya ta fahimci cewa lambobi ba su da muhimmanci, alhali akwai batutuwan da lambar ita ce ilimin. Babban misali shi ne gyaran kundin tsarin mulki, wanda ke cikin manhajarsu. Ba zai yiwu mutum ya ce wannan kundi mai tsauri ne wancan mai sauƙin gyara ne ba tare da ya faɗi yawan ƙuri'un da ake bukata ba.

A Amurka, Sashe na 5 yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a gabatar da gyara, sannan kashi uku cikin huɗu na jihohi su amince, wato 38 daga cikin 50. Shi ya sa gyare-gyare 27 kacal aka yi tun kafa kundin, goma na farko ma a dunƙule suka zo a 1791. A Jamus, Sashe na 79 yana bukatar kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, amma sakin layi na uku ya haramta taɓa tsarin tarayya da ƙa'idojin da ke Sashe na 1 da na 20, cikinsu har da mutuncin ɗan Adam da dimokuraɗiyya, kuma dalilin haka yana cikin yadda jamhuriyar Weimar, wato tsarin dimokuraɗiyyar Jamus kafin mulkin Hitler, ta rushe a 1933. A Faransa, Sashe na 89 ya ce bayan majalisu biyu sun amince da rubutu iri ɗaya, sai a je ƙuri'ar raba gardama, ko kuma, idan ɓangaren zartarwa ne ya kawo gyaran, shugaban ƙasa ya tara majalisun biyu wuri guda a nemi kashi uku cikin biyar. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin hayaniyar 1962 ba, lokacin da Janar de Gaulle ya kauce wa Sashe na 89 ya bi ta Sashe na 11, mai ba shugaba damar kai doka ƙuri'ar raba gardama, domin a riƙa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye.

Shawarata ita ce ki zana jadawali guda a babbar takarda, ƙasashen huɗu a sama, tambayoyin Barista a gefe, ki cike gurabun da hannunki ba tare da duba littafi ba, sannan ki duba ki gyara. Sassan da za su shiga jadawalin ba za su yi yawa ba, su kaɗai za ki haddace. A zauren jarrabawa kuma, idan kina shakkar lamba, ki faɗi abin da sashen ya ƙunsa ki bar lambar, domin lambar kuskure tana sa mai duba takarda ya fara shakkar sauran abin da kika rubuta daidai.

Rukayya A. ta sake rubutawa:

Na gode, Barista, na gode, Malam Aminu, Allah ya saka da alheri. Na fara jadawalin, kuma nan take ya tona mini wurare biyu da ban gane ba. Na farko, an koya mana cewa masanin Faransa Montesquieu ya ɗauki darasin rabon iko daga Ingila, amma a Birtaniya firaminista da ministocinsa 'yan majalisa ne, to ina rabon yake? Na biyu, na kasa sanin gurbin da zan sa Faransa, domin tana da shugaban ƙasa mai ƙarfi kuma tana da firaminista.

Malama Hadiza ta amsa:

Rukayya, waɗannan tambayoyi biyu alama ce ta cewa bitar ta fara aiki. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi ina kuma duba takardun jarrabawarsa, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa.

Abin da ya dami Montesquieu a rubutunsa na 1748 shi ne kada ikon yin doka da na zartar da ita da na yanke hukunci su taru a hannu ɗaya, domin duk mai iko yakan wuce gona da iri har sai ya ci karo da wani iko da zai tsayar da shi. Bai ce kada ɓangarorin su taɓa juna ko kaɗan ba. Amurkawa sun raba mutanen, ba a zama minista da ɗan majalisa a lokaci guda, amma sun ba kowane ɓangare makami a kan ɗan'uwansa: shugaba yana iya hawa kujerar na ƙi a kan doka, majalisu biyu kuma su rinjaye shi da kashi biyu cikin uku, sannan Majalisar Dattawa ce ke tabbatar da manyan naɗe-naɗensa. Birtaniya ta haɗa mutanen, kamar yadda marubucin Ingila Bagehot ya nuna a 1867, amma ta ɗaure rayuwar gwamnati da amincewar majalisar wakilai, ta kuma kare 'yancin alƙalai.

Ma'aunin da zai warware miki rabe-raben tsarin mulki tambaya ce guda: shin majalisa tana iya kayar da gwamnati don kawai ba ta gamsu da siyasarta ba? A Birtaniya tana iya yi, kuma a 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A Jamus ma tana iya yi, amma Sashe na 67 ya gindaya sharaɗin cewa sai majalisa ta zaɓi magaji a cikin ƙuri'ar guda, kuma ta haka Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt a 1982. A Amurka ba ta iya yi. Kada ki haɗa wannan da tsigewa, kuskure ne da nake gani kowace shekara: tsigewa tuhuma ce ta aikata laifi, Majalisar Wakilai ke gabatarwa, Majalisar Dattawa ta yi shari'a, kuma sai da kashi biyu cikin uku ake cire mutum. Cikin shugabannin Amurka, an tuhumi Andrew Johnson da Bill Clinton, an tuhumi Donald Trump sau biyu, babu wanda Majalisar Dattawa ta cire.

Faransa ta haɗa abu biyu. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye tun zaɓen 1965, kuma Sashe na 12 ya ba shi ikon rusa majalisar dokoki, amma gwamnatin firaminista tana ƙarƙashin Sashe na 49, majalisa tana iya kayar da ita, kamar yadda ta yi wa Georges Pompidou a 1962 da Michel Barnier a Disamba 2024. Masanin siyasa na Faransa Maurice Duverger ne ya yaɗa sunan da ake kiran wannan tsari da shi, wato na rabin shugaba mai cikakken iko. Abin da za ki nuna a jarrabawa shi ne inda iko ke zama ya danganta da wanda ke da rinjaye a majalisa. Idan jam'iyyar shugaba ce, shi ne mai faɗa a ji. Idan 'yan adawa ne, firaminista ke tafiyar da harkokin cikin gida, kamar zaman Shugaba Mitterrand da Firaminista Chirac daga 1986 zuwa 1988, da na Shugaba Chirac da Firaminista Jospin daga 1997 zuwa 2002. Rage wa'adin shugaba daga shekara bakwai zuwa biyar da aka yi a 2000 yana da nasaba da neman rage aukuwar irin wannan zama.

Game da makonnin, ki ba jadawali da cike giɓi kwana goma na farko, sauran kuma ki ba rubutu. Ki nemo tambayoyin shekarun baya, ki sa agogo, ki amsa guda kowace rana a cikin lokacin da za a ba ki, littafi a rufe. Minti goman farko kada ki rubuta amsa, ki duba abin da aka ce ki yi, domin "bayyana" daban take da "kwatanta", kuma "tattauna" tana nufin akwai ɓangarori biyu da ake jiran ki auna. Idan an ce kwatanta, kada ki ba da labarin ƙasa ɗaya ki gama sannan ki shiga ta biyu, ki ɗauki batu guda ki duba shi a ƙasashen biyu tare. Ki fara da sake amsa tambayar gwajin nan, ki kawo mana sakin layin farko mu gani.

Rukayya A. ta sake rubutawa:

Malama, ga abin da na rubuta. "Tambayar ta ta'allaƙa ne a kan wanda ke da maganar ƙarshe idan dokar majalisa ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Amurka tun 1803, da Jamus da Faransa ta hanyar hukumomi na musamman, sun ba alƙalai wannan matsayi, Birtaniya kuma ta bar wa majalisa, ko da yake hukuncin Miller na 2019 ya nuna kotu tana iya soke abin da majalisa ta yi. Zan nuna cewa wannan iko ya dace da dimokuraɗiyya matuƙar jama'a suna da hanyar gyara kundin idan ba su yarda da fassarar alƙalai ba."

Malama Hadiza ta amsa:

Wannan ya yi nisa da shafi huɗun da kika ba mu labari, domin yanzu akwai matsaya kuma an san inda za ki. Gyara biyu nake da su. Maganar Miller ba daidai ba ce: abin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta soke a ranar 24 ga Satumba 2019, da bakin alƙalai 11 baki ɗaya, shi ne dakatar da zaman majalisa na mako biyar da Firaminista Boris Johnson ya ba Sarauniya shawarar yi. Aikin ɓangaren zartarwa ne aka soke, kuma an soke shi ne domin kare majalisa, saboda haka hukuncin yana ƙarfafa maganar Dicey ne a wannan fuska. Ki cire shi daga nan ki ajiye shi don tambayar da ta shafi iyakar ikon gwamnati.

Na biyu, matsayarki ta jingina da cewa jama'a suna iya gyara kundin, to ki shirya wa wanda zai kawo miki sakin layi na uku na Sashe na 79 da Malam Aminu ya ambata, ko shari'ar Kesavananda Bharati ta Indiya a 1973, inda alƙalai bakwai cikin 13 suka ce majalisa ba ta da ikon sauya ginshiƙan kundin ko da ta bi hanyar gyara. A waɗannan ƙasashe akwai wuraren da ƙofar gyaran take a rufe. Ki ware wa wannan ƙalubale sakin layi guda kafin ki rufe amsar, ki faɗi ko matsayarki ta tsaya a hakan ko tana bukatar sharaɗi, sannan ki kawo mana cikakkiyar amsar da lokacin da ta ɗauke ki.